Zurfin Rami, Tsawon Rai: Zaman Soja a Ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya

Gabatarwa

A watan Fabrairun 1903 sojojin Birtaniya suka tsaya a gaban ganuwar Kano ɗauke da igwa da bindigar Maxim mai aman harsashi ba ƙaƙƙautawa. Ganuwar da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana ɗaga ta ba ta tsare birnin ko na wuni guda ba. Shekara 11 bayan haka Turawa suka juya irin waɗannan makamai a kan junansu, suka kuma gano abin da Kanawa suka riga su ganowa, wato duk abin da ya ɗago sama da doron ƙasa, bango ne ko mutum, wuta za ta same shi. Mafitar da ta rage ita ce a nutse cikin ƙasa.

Daga ƙarshen 1914 zuwa farkon 1918 miliyoyin samari suka zauna a cikin ramukan da suka miƙe tun daga gaɓar tekun Beljiyam har zuwa iyakar Suwizalan, tafiyar kilomita kusan 700. Littattafan tarihi sun fi mai da hankali kan manyan gwabzawa da sunayen janar-janar, alhali kwanakin gwabzawa kaɗan ne idan aka gwada su da kwanakin zama. Wannan maƙala za ta dubi zaman ne: abin da soja ya ci, inda ya kwanta, da abin da ya hana shi barci. Abin da take son nunawa shi ne, ramin da ya kare soja daga harsashi shi ne kuma ya riƙa cin lafiyarsa da hankalinsa a hankali, kuma sau da yawa irin mazaunin da shugabanninsa suka yarda a gina masa shi ya raba wanda ya koma gida da wanda bai koma ba.

Yadda Aka Shiga Rami

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agustan 1914, kowane ɓangare ya ɗauka watanni kaɗan za a yi a gama. Jamusawa suka ratsa Beljiyam suka doshi birnin Faris, amma a watan Satumba aka tare su a kogin Marne. Suka ja da baya zuwa tuddan da ke arewa da kogin Aisne, suka ɗauki shebur da diga suka haƙa ramuka. Faransawa da Ingilishi suka kai musu hari, suka kasa tumɓuke su, su ma suka haƙa nasu. Kowane ɓangare ya yi ta ƙoƙarin zagaye abokin karawarsa ta arewa har dukkansu suka ci karo da teku. Kafin shekarar ta ƙare, layi biyu na ramuka sun fuskanci juna, kuma kusan nan suka tsaya fiye da shekara uku.

Ramin gaba zurfinsa yakan kai mita biyu ko ya ɗan fi, yadda mutum zai yi tafiya ba a hango kansa ba. A gefen da ke duban abokan gaba akan yi ɗan dakali wanda soja zai taka ya leƙa ko ya yi harbi, a jera buhunan ƙasa a bakin ramin. Ba a haƙa shi miƙe santal. Akan karkata shi kamar tafiyar maciji, domin idan harsashin igwa ya faɗo a wani lungu ɓarnar ta tsaya nan. Bayan ramin gaba akwai na masu kai ɗauki, bayansa kuma na 'yan ko-ta-kwana, da ƙananan ramuka masu haɗa su, ta inda ake shigo da abinci da albarusai, a fitar da masu rauni. Daga gaba kuwa waya mai ƙaya ce, sannan wani fili da babu mai iko da shi. Faɗinsa a wani wuri mita 200 ne ko 300, a wani wurin kuwa ya tsuke har ana jin tarin abokin gaba.

Wuni da Dare

Soja ba ya dawwama a ramin gaba. A rundunar Birtaniya akan yi 'yan kwanaki a gaba, a koma ramukan baya, sannan a fita hutu a wani ƙauye da ke bayan daga, sai kuma a sake zagayowa. Amma hutun suna ne kawai, domin a lokacinsa ake atisaye, ake gyaran hanya, ake ɗaukar kaya zuwa gaba.

Rayuwar cikin rami a juye take, dare ya zama rana. Kafin ketowar alfijir kowa yakan hau dakali da bindiga a hannu, domin lokacin ne aka fi tsammanin hari. Haka kuma ake yi da faɗuwar rana. Idan gari ya waye lafiya, sai a raba wa sojan Birtaniya ɗan kurɓin barasa, a goge bindiga, a karya kumallo, hafsoshi su bi layi suna dubawa. Da rana ba a motsi sai dole, saboda gwanayen harbi na ɗaya ɓangaren suna dakon duk kan da ya ɗago. Sai duhu ya sauka aiki yake farawa: gyaran bangon da ya rufta, cika buhuna, ɗaura waya, kwashe ruwa, sintiri da rarrafe a filin tsakiya, da ɗauko abinci daga baya. Barcin soja guntu-guntu ne, awa ɗaya nan, awa biyu can, a zaune ko a takure, da takalmi a ƙafa. Wanda kuwa barci ya sace yana kan gadi, dokar soja ta ba da damar a yanke masa hukuncin kisa.

Ruwa, Ƙwarƙwata da Ɓera

A yankin Flanders na Beljiyam ruwa yana kusa da saman ƙasa, yadda ɗan haƙa kaɗan zai sa ya ɓuɓɓugo. Igwa kuma ta wargaza magudanan da manoma suka daɗe da ginawa. Sai rami ya koma kwata, soja ya wuni ya kwana tsaye cikin ruwan sanyi da laka, wani lokaci har gwiwa. Ƙafar da ta daɗe a jiƙe cikin matsattsen takalmi takan mutu, ta kumbura, ta canza launi, in abin ya yi tsanani ta ruɓe sai an yanke. A hunturun farko kaɗai, na 1914 zuwa 1915, sojojin Birtaniya fiye da 20,000 aka yi wa jinyar wannan cuta. Maganinta bai fi ƙarfin kowa ba: a shimfiɗa katakai a ƙasan rami, a sauya safa, a busar da ƙafa a shafe ta da mai. Da aka ɗora wa hafsoshi alhakin duba ƙafafun mutanensu, aka kuma haɗa sojoji bibbiyu kowa ya kula da ƙafar ɗan'uwansa, sai cutar ta ragu ƙwarai.

Ƙwarƙwata kuwa kusan ba ta bar kowa ba. Tana yin ƙwai a cikin ɗinkin riga da wando, ɗumin jiki ya ƙyanƙyashe su. Sojoji sukan zauna rukuni-rukuni suna bin ɗinkin da harshen kyandir, amma bayan kwana kaɗan ta dawo. Ita ce ke yaɗa wani zazzaɓi mai tafe da ciwon kai da ciwon ƙashin ƙwauri, mai tafiya ya dawo, wanda kan kwantar da mutum makonni. Sai a 1918 likitoci suka tabbatar ita ce sanadi. Wannan zazzaɓi ne ya fitar da marubucin nan na Ingila, J. R. R. Tolkien, daga fagen daga a ƙarshen 1916.

Ɓeraye sun sami abin da suke so, ga ragowar abinci ga gawawwakin da ba a binne ba. Sukan bi ta kan fuskar mai barci, su huda jaka su cinye gurasar gobe. Matattu ma ba su yi nisa da rayayyu ba, domin sau da yawa a jikin bangon rami ko kusa da shi ake binne su, igwa ta zo ta tone. Warin gawa da na masai da na garin maganin da ake barbaɗawa don kashe cuta, shi ne abin da sabon zuwa ke fara cin karo da shi tun kafin ya iso ramin gaba.

Abincin sojan Birtaniya naman gwangwani ne da wani biskit mai tauri wanda sai an jiƙa ko an farfasa, da shayi, da gurasa idan an samu. Dafaffen abinci daga baya ake ɗauko shi cikin dare, ya iso da sanyi ko ya zube a hanya. Ruwan sha sau da yawa a garwar fetur ake kawo shi, shayin ya fito da ɗanɗanon fetur. Na Jamus ya fi shan wuya daga 1916, lokacin da takunkumin da jiragen ruwan Birtaniya suka ƙaƙaba wa ƙasarsa ya fara cizo.

Mai Niyyar Zama da Mai Niyyar Tashi

A nan ne bambancin ɓangarorin biyu ya fito fili. Jamusawa a ƙasar da suka ci da yaƙi suke, burinsu su riƙe ta. Su suka fara zaɓen wuri, suka ɗauki tuddai, suka yi gini irin na mai niyyar zama. A yankin kogin Somme, inda ƙasar farar alli ce mai daɗin haƙa, sun gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa masu zurfin mita tara ko fiye, da matakala, da ƙofa fiye da ɗaya, da gadaje masu hawa, wasu har da wutar lantarki. Faransawa da Ingilishi kuwa so suke su kori mamaya, saboda haka manyansu suka ɗauki rami a matsayin zango, suna kuma tsoron kada jin daɗin ɗaki ya kashe wa soja zuciyar kai hari. A shekarun farko, ɗakin da ke ramin gaba galibi na hafsoshi ne. Ƙaramin soja sai ya ƙwaƙule ɗan kogo a jikin bango ya cusa kansa, ya rufa da mayafin roba.

An ga sakamakon wannan a Somme. Daga 24 ga Yunin 1916 igwogin Birtaniya suka yi kwana bakwai suna ruwan wuta, suka harba harsashi kimanin miliyan ɗaya da rabi. Jamusawa suka shige ɗakunansu. Ƙasa tana girgiza, ƙura tana zuba, abinci da ruwa suka yanke wa da yawa, amma mafi yawansu suka rayu. Da safiyar 1 ga Yuli, da ƙarfe 7:30, wuta ta ɗaga, sojojin Birtaniya suka fito fili. Jamusawa suka hauro matakala da bindigoginsu suka riga su isa bakin rami. A wannan rana guda Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu, 19,240 daga cikinsu matattu ne.

Birtaniya ma ta koyi darasi. Kafin harin Arras na 9 ga Afrilun 1917, mahaƙa daga New Zealand da Birtaniya suka haɗe tsofaffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin birnin, suka mai da su gari guda mai wutar lantarki da ruwan famfo da ɗakunan girki da asibiti. Sojoji kimanin 24,000 suka fake a ciki, suka fito kusa da layin Jamusawa ba tare da sun ratsa fili a buɗe ba. A tudun Chemin des Dames kuwa akwai wani tsohon ramin haƙar dutse da ake kira Kogon Dodo, wanda Jamusawa suka kama a farkon 1915 suka yi masa wurin kwana da wurin ibada da maƙabarta. A 1917 Faransawa suka kutsa ciki, aka kai ga ɓangarorin biyu suna zaune a kogo ɗaya cikin duhu, bango ne kawai a tsakaninsu.

Lokacin da Mafaka Ta Zama Kabari

Zurfi yana da nasa farashin. Harsashi guda zai iya toshe ƙofa ya binne mutane da ransu. Iskar guba, wadda Jamusawa suka fara saki da yawa a Ypres ranar 22 ga Afrilun 1915 a kan sojojin Faransa da na Aljeriya, ta fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka takan gangara ta kwanta a ƙasan rami da cikin ɗaki, daidai inda mutum ya gudu neman tsira. Ɗaki mai zurfi kuma yakan jinkirta fitowa. Idan maharan suka riga isa bakin ƙofa, gurneti ɗaya ya wadatar. Wannan ya sa bayan yaƙin Somme manyan hafsoshin Jamus suka hana gina ɗakuna masu zurfi sosai a layin gaba.

Yaƙin Verdun na 1916 ya nuna abin a mafi munin kamarsa. Ranar 8 ga Mayu wuta ta tashi a cikin sansanin Douaumont, wanda ke hannun Jamusawa a lokacin, ta kama makaman da aka ajiye. Ɗaruruwa suka mutu a cikin lungunansa. An kasa fitar da gawawwakin, sai aka tara 679 a wani sashe aka toshe shi da bango, kuma suna nan har yau. Wata guda bayan haka Jamusawa suka kewaye sansanin Vaux, inda Manjo Raynal da mutanensa kimanin 600 suka yi kusan mako guda suna faɗa a cikin lunguna masu duhu da hayaƙi. Tankin ruwansu ya ƙafe, har mutane suka koma lasar danshin bango. Ranar 7 ga Yuni suka miƙa wuya, ƙishirwa ta yi abin da igwa ta kasa.

Raunin da Ba a Gani

Igwa ce ta kashe mafi yawan waɗanda suka mutu a wannan fage, kuma babu abin da soja zai yi mata face ya takure ya saurara. Ba ya iya gudu, ba ya iya ramawa, bai san inda na gaba zai sauka ba. Wasu sai jikinsu ya kama rawa, wasu su kurmance ko su bebance, wasu su kasa tafiya alhali babu ko ƙwarzane a jikinsu. A watan Fabrairun 1915 likita Charles Myers ya yi rubutu a kan wannan larura a mujallar likitoci ta Lancet. Da fari an zaci girgizar fashewa ce ke taɓa ƙwaƙwalwa, daga baya aka gane har wanda harsashi bai faɗi kusa da shi ba yana kamuwa. Hafsoshi da yawa sun ɗauke ta ragwanci. Sojoji 306 na Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, waɗanda aka harbe bisa laifuffuka irin su gudu daga daga, sai a 2006 aka yi musu afuwa.

Abin da ya riƙe sauran shi ne ƙananan abubuwa: wasiƙa daga gida, taba, karta, waƙa, da 'yan mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya. A Ypres wasu sojojin Birtaniya sun tsinci injin buga takarda a cikin kufai a 1916, suka riƙa fitar da jaridar barkwanci suna yi wa halin da suke ciki dariya. A wuraren da faɗa ya lafa, ɓangarorin biyu sukan kai ga wata fahimta da ba a furta ba, kowa ya ƙyale ɗan'uwansa ya karya kumallo ko ya kwashe ruwa, domin laka ɗaya ce take cin su.

'Yan Afirka a Cikin Ƙanƙara

Wannan wahala ba ta tsaya kan Turawa ba. Faransa ta ɗebi dubun-dubatar samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, da yawansu bisa tilas, ta kira su duka sojojin Senegal ko da daga ina suka fito. Sanyi ya yi musu illa ƙwarai, har aka tsara a riƙa janye su lokacin hunturu zuwa sansanonin Fréjus da Saint-Raphaël a kudancin Faransa. Amma don harin Chemin des Dames na 16 ga Afrilun 1917 an dawo da su da wuri, ƙarƙashin Janar Mangin. Suka kwana a ramuka cikin ruwa da ƙanƙara, gari ya waye yatsun da yawansu sun sandare, riƙe bindiga ma ya zama aiki. Dubbai suka mutu ko suka jikkata cikin 'yan kwanaki. Blaise Diagne, baƙar fatan Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin Faransa, ya kai kukan abin da aka yi musu gaban majalisar.

Wannan hari da ya ci tura shi ya kai sojojin Faransa bango. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yunin 1917 bore ya bazu a rundunoni masu yawa. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma haka abin ya kasance, fushin sojan ya fi karkata kan nasa shugabannin. Da yawa sun ce za su tsare ramukansu amma ba za su sake fita harin banza ba, suka kuma nemi hutun ganin iyali da abinci mai kyau da wurin kwana na mutunci. Janar Pétain, wanda ya gaji Janar Nivelle a watan Mayu, ya hukunta wasu har da kisa, amma ya daidaita hutu, ya gyara girki da sansanonin hutawa, ya dakatar da manyan hare-hare. Da haka rundunar ta dawo hayyacinta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yanayin zaman soja yana cikin abubuwan da suka juya akalar yaƙin kansa. Safa busasshiya ta rage masu zuwa asibiti, matakalar ɗakin ƙasa ta yanke hukuncin ranar farko ta Somme, tankin ruwa ya ba da sansanin Vaux, hutu da tukunyar miya suka taimaka wajen kwantar da boren 1917. Wahalar da ta fito daga ƙasa da yanayi babu mai iya kawar da ita gaba ɗaya, amma wani kaso mai yawa nata ya fito ne daga shawarar mutanen da ba su kwana a ramin ba.

Yau ciyawa ta rufe mafi yawan ramukan, manoman Faransa da Beljiyam kuma har yanzu garmarsu tana tono harsasan da ba su fashe ba. A Thiepval an rubuta sunayen mutum fiye da 72,000 da suka ɓace a Somme ba a san kabarinsu ba, a Douaumont kuma an tara ƙasusuwan kimanin mutum 130,000, Faransawa da Jamusawa a haɗe, waɗanda ba a iya tantance su ba. Mai karanta tarihin yaƙi, na jiya ko na yau, ya kamata bayan ya tambayi wa ya ci nasara, ya kuma tambayi inda ƙaramin soja ya kwana, da wanda ya yanke shawarar ya kwana a nan.